Ranar da Buhunan Showak Suka Sauka a Doka

Na manta ranaku da yawa a aikin nan, har da ranar da aka ƙara mini girma, amma ranar da buhunan Showak suka sauka a Doka ba ta taɓa barin kaina ba. Kun sha tambayata abin da ya sa nake hana ku haɗa ja da kore a allon aiki, na ma ji wasunku suna cewa camfin tsufa ne. To, tunda na kusa ajiye aiki, gara in ba ku labarin da bakina, kafin Taj ya ba ku shi da ƙarin gishirinsa.

A shekarun takunkumi ne, zamanin da aka tura agogo gaba da awa ɗaya, muna fitowa aiki gari bai gama wayewa ba. Na gama karatun kwamfuta a Khartum, na dawo gida Gadarif na yi hidimar ƙasa a wannan ofishi, sannan aka ɗauke ni aiki na gwaji. Ina yafa farin tob ɗina, mayafin matan Sudan, kamar sauran ma'aikata mata, ina tafe ina ji da kaina, a ganina duk ginin babu wanda ya san abin da na sani. Ba na jin kunyar faɗa yanzu, ina da rawar kai a lokacin.

Ga wanda bai san mu ba, aikin ofishinmu shi ne hidimar manyan gonakin damina. Mu ke tsara rabon iri da na buhunan da ake zuba amfani, mu kuma fitar da takardar da ke gaya wa kowane direban lori ma'ajiyar da zai sauke kayansa. Duk takardun nan babbar na'ura ce ke buga su, wata tsohuwa da aka kawo tun kafin a haife ni, ta cika ɗaki guda ita kaɗai. Ɗakinta ne kawai mai na'urar sanyi a duk ginin, shi ya sa da zafi ya tsananta kowa sai ya tuna yana da tambayar da zai yi a can. Harshen da take ji sunansa Kobol. A jami'a an ce mana ya mutu, na zo Gadarif na tarar shi ke ciyar da mu.

Mutum ɗaya ne ya san cikinta da bayanta, babban mai tsara manhaja na ofis, Baba Idrisu. Larabawan ofis suna ce masa Amm Idris. Bahaushe ne ɗan unguwarmu, abokin mahaifina tun suna samari a kasuwa, don haka ni a wurinsa 'ya ce kafin in zama ma'aikaciya. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma kullum da rular ƙarfe a aljihun gaban rigarsa. Shekara kusan talatin yana aikin, ba a taɓa kama takardar da ta fita da kuskure daga hannunsa ba, kuma ya san da haka.

Dole in bayyana muku yadda layin Kobol yake, domin a nan maganar take. Kowane layi gurbi tamanin ne, gadon zamanin da ake huda kati. Shida na farko lambar layi ce. Na bakwai shi ne mai hukunci: in aka sa masa ɗan tauraro, layin ya mutu, na'ura za ta tsallake shi kamar babu shi. Daga nan zuwa gurbi na saba'in da biyu umarni ne. Takwas na ƙarshe kuwa na'ura ba ta ko kallonsu. Baba Idrisu yana da al'adu biyu a kan wannan. Ta farko, ba ya goge layi. In zai yi gyara sai ya kashe tsohon da tauraro, ya rubuta sabon a ƙarƙashinsa, saboda haka manhajar cike take da layuka masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, wani da rai, wani matacce. Ta biyu, duk layin da ya gyara sai ya sa sunansa a gurbi takwas ɗin nan na ƙarshe. Ba a taɓa ganin sunan wani a wurin ba sai nasa. A tsohon allonsa, baƙi mai rubutu launi ɗaya, yakan ɗora rularsa a tsaye a kan gurbi na bakwai, ya bi ta da ido har ƙasa.

Akwai kuma maganar tumatir. Kamar kowane ofis a Sudan, da hantsi muna ajiye aiki mu zagaye tire ɗaya mu yi fatur, wato karin kumallon dafaffen waken ful da man riɗi da burodi. Sayen kayan haɗi juyi-juyi ne. Duk ranar da juyi ya zo kan Baba Idrisu, rabin tumatirin da zai kawo ɗanye ne shar. Taj, wanda a lokacin shi ke kula da injin buga takardu, yakan ɗaga ɗaya sama ya ce, "Amm Idris, wannan ai ko yaye shi ba a yi ba." Baba ya yi murmushi ya ce shi mai ɗan tsami ya fi so. Aka ɗauka son ransa ne, aka yi ta tsokanarsa shekara da shekaru.

Da damina ta kankama a shekarar, aka aiko mana da ƙananan kwamfutoci masu allon launi, aka jona su da babbar na'ura, aka kwashe tsofaffin allunan. Mudir, wato shugaban ofis, ya kira ni. Mutum ne mai son tsari da son a yabe shi daga Khartum, ya sa an shafe ƙofar ofis da koren fenti, kuma da koren biro kaɗai yake sa hannu. Ya ce ya ga a hedikwata rubutun manhaja yana fitowa kala-kala, yana so namu ma ya zama haka.

Abin ba sihiri ba ne. Akwai wani ɗan fayil da ke gaya wa manhajar rubutu cewa kalma kaza launi kaza, don ido ya rarrabe umarni da suna da lamba ba tare da wahala ba. Saboda takunkumi, shafukan da ake samun irinsa a rufe suke gare mu, sai wata ƙawata ta aiko mini da shi a faifai ta hannun direban bas. Da na ɗora shi, sai manhajar Baba ta fito kamar an zubar da kwanon rini. An yi fayil ɗin ne don sabon Kobol. Bai san dokar gurbi ba, bai san tauraro yana kashe layi ba, kuma kalmomi da yawa na tsohuwar na'urarmu baƙi ne a wurinsa. Na yi mako uku ina sabunta shi, da littafin na'urar mai kaurin bulo a cinyata, ina shigar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe na sa layi mai rai ya fito ja, matacce kuma kore.

Ban tsaya nan ba, kuma a nan rawar kaina ta kai ni. Na ce tunda launi ya riga ya nuna matacce da mai rai, me za a yi da gefunan nan da ke cin wuri? Sai na ɓoye gurbi bakwai na farko, har da tauraron, na ɓoye takwas na ƙarshe, har da sunan Baba. Na kuma shawo kan Mudir a daina tara layuka, a riƙa gyara kai tsaye a kan jan layi. Mudir ya zo ya gani, bakinsa har kunne, ya sa hannu da koren bironsa, ya aika rahoto Khartum, ya kuma ba da umarni kada wanda ya taɓa launukan nan sai da izininsa.

Baba Idrisu ya zauna gaban sabon allon ya daɗe yana kallo. Ya zaro rularsa, ya ɗora, ya ga babu inda za ta tsaya.

Na ce, "Baba, rula kuma? Ai an wuce nan. Ja ka taɓa, kore ka ƙyale, khalas, shi ke nan."

Ya ce, "Haka ne, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Ya mayar da ita aljihu.

Wata biyu aka yi lafiya lau. Sai kaka ta zo, aka yanke riɗi a yankin Fashaga, aka jingine shi ya bushe, saura kaɗewa da zubawa a buhu. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira. Wani ruwan ƙarshe da aka yi ya yanke hanyar da ta tashi daga ma'ajiyar Doka zuwa wasu gonaki, sai aka ce a mayar da rabon buhunansu ma'ajiyar Showak. Gyaran layi ɗaya ne, a canza lambar ma'ajiya. Ranar Asabar Baba ya yi shi, Taj ya buga takardu, lori biyu suka tashi da buhuna.

Ranar Litinin muna shirin zama fatur wayar ofis ta yi ƙara. Bakhit ne, babban direbanmu, daga Doka, muryarsa wasai. Ya ce sun sauke lafiya tun jiya, mai ma'ajiya ma ya yanka musu kaza, sai dai yana tambaya buhunan nan duka na waye, tunda babu wanda ya zo ɗauka. Kafin Taj ya ajiye wayar, ga manoma uku daga Showak sun shigo da ƙurar hanya a rawunansu, suna cewa kwana biyu suna zaune bakin ma'ajiya, riɗinsu na zube a fili, hadari kuma na yawo a gabas.

An sake loda buhunan aka juya motocin zuwa Showak a ranar, kuma Allah ya riƙe ruwan, ba a yi asarar ko tiya ɗaya ba. Amma Mudir ya sha magana daga manoma, ya kuma sha daga Khartum. Ya tara mu a ɗakin na'ura ya sa na buɗe wurin. Ga layuka biyu, ɗaya a kan ɗaya. Jan yana nan da lambar Doka, ba a taɓa shi ba. Koren, mataccen, shi aka gyara zuwa Showak.

Mudir ya ce da Larabci, a hankali, wanda ya fi tsawa ciwo, "Amm Idris, yarinyar nan ta rina maka shi kamar zanen biki. Ja da kore. Ko ɗan raudha ba zai ɓata ba." Raudha ita ce makarantar ƙananan yara. Ya ce shekaru ba laifi ba ne, amma ofis ba zai jira kuskure na biyu ba. Ranar Alhamis jakar wasiƙu za ta tafi Khartum, a cikinta zai sa takardar neman a tura Baba gaban kwamitin likitoci. Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan, ritayar dole ce, da hatimin gazawa a fayil ɗin mutum.

Baba bai kare kansa ba. Ya ce, "Hadir, Sayyid Mudir," wato na ji na bi, ya fita. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da na fara ji a raina shi ne sauƙi, cewa ba aikina aka zarga ba.

Washegari Talata juyin cefane nasa ne, kuma duk da abin da ya faru sai da ya kawo. Ba wanda ya yi tsokana ranar. Ni ke yanka tumatir, na juye ledar a tire, ja da ɗanye a cakuɗe kamar kullum. Ina riƙe da wuƙa sai na tsaya. Ja da kore. Na ɗaga kai na dubi aljihunsa. Kusa da rular akwai birori biyu, jan an ɗaure masa zare a wuya. Shekara guda ina ganin zaren nan ban taɓa tambayar kaina amfaninsa ba. Nan take na gane, har na kusa yanke yatsa.

Da aka watse na same shi a ɗakin na'ura shi kaɗai. Na rufe ƙofa, na juya harshe zuwa Hausa, na buɗe layukan nan biyu a allo.

Na ce, "Baba, don Allah wanne ne jan a nan?"

Ya dubi allon, ya dube ni. Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, "Ke dai 'yar Malam Sani ba ki da dama. Duka biyun kalar ƙasar bakin kogi ce a idona, ya bitti, 'yata. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin jan nan da kuke faɗa ba."

Na ce, "To wata biyun nan yaya kake yi?"

Ya ce, "Na ƙasa nake gyarawa. Ai ni na rubuta su, na san sabo yana ƙarƙashin tsoho. Wuri ɗaya ne tak a duk manhajar da na taɓa rayar da na sama, wata shekara da aka buɗe ma'ajiyar Doka bayan an rufe ta. Da ina ganin tauraron da ban faɗa ba. Shi ne kika ɓoye."

Bai faɗe shi da zargi ba, amma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ɗauke wa mutum fitilarsa, na ba shi wadda ba ta haska masa komai, sannan na tsaya ina kallo ana cewa ya makance.

Na miƙe na ce yanzu zan je in gaya wa Mudir. Ya ce in zauna. Ya ba ni labarin da ko mahaifina bai sani ba. Yana saurayi burinsa tuƙin jirgin ƙasa, ya ci duk jarrabawa, sai ranar ƙarshe aka ɗaga masa fitilu biyu daga nesa aka ce ya faɗi launinsu. Aka kore shi a gaban 'yan uwansa masu neman aiki, ana dariya. Ya dawo unguwa ya ce shi ne ya fasa, hayaƙi ba ya yi masa. Daga nan ya nemi aikin da babu ruwansa da launi, ya same shi a gaban baƙin allo.

Ya ce, "In kika faɗa, kin ba kwamitin abin da zai rubuta. Gara a ce tsufa ne, kowa na tsufa. Ki rufa mini asiri, Hawwa. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Na yi masa alkawari. Na fito da kwana biyu a hannuna, da gaskiyar da ba ni da izinin faɗa, da kuma launukan da ba ni da izinin taɓawa.

Na fara da abin da na iya. Da yammacin ranar da safiyar Laraba na zaunar da shi, na riƙa jera masa launuka bibbiyu a allo ina tambayarsa. Abin har ya koma wasa. In na nuna masa wasu ya ce, "Waɗannan tagwaye ne." In na canza ya ce, "Waɗannan 'yan uba ne, da ɗan bambanci amma ban yarda da su ba." Da na haɗa shuɗi da rawaya sai ya buga cinya ya ce, "Yawwa! Waɗannan ko a duhu ba sa gaisawa." Na sake gina fayil ɗin a kan idonsa. Layi mai rai ya zama fari tas, kalmomin umarni shuɗi mai haske. Matacce ya zama ruwan toka, dusu-dusu, kuma a karkace, yadda ko babu launi sam za a gane shi. Na dawo da gefunan biyu. A gurbi na bakwai na ja wani siririn zare fari daga sama har ƙasa, daidai inda yake ɗora rularsa. Gurbi takwas na ƙarshe na ba su rawaya.

Saura Mudir. Na same shi bayan azahar da takarda a hannuna. Na ce na zo da magana biyu. Ta farko, kuskuren Showak daga kayan aikina yake, domin na ɓoye alamar da masu aikin suka dogara da ita shekara talatin, ga shi na rubuta na sa hannu. Ya karanta, ya ce wannan ba ya hana mutum ganin ja da kore. Sai na shiga ta biyu.

Na ce, "Sayyid Mudir, an ce baƙi za su zo daga Khartum su ga aikin nan bayan kaka. Mu ofishin noma ne. Ƙofarmu koriya ce, sa hannunka kore ne. In suka tambaya me kore ke nufi a allonmu, za mu ce musu matacce."

Ya ajiye biron da ke hannunsa, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "La hawla. Wa ya zaɓi wannan?"

Na ce, "Ni ce. Kai kuma ka sa hannu."

Ya ce a canza yau ɗin nan. Na ce na riga na shirya wani, izini kawai nake jira, amma ina da roƙo ɗaya: kafin jakar gobe ta tafi, a gwada Amm Idris a kan sabon. In ya ɓata, ba zan ƙara magana ba. Ya ce to, gobe ƙarfe tara.

Ranar Alhamis ɗakin na'ura ya cika, har da waɗanda sanyi kawai ya kawo su. Takardar tana hannun Mudir a cikin ambulan, ba a liƙe ba. Ya zaɓo gyara biyar da kansa, ya kuma sa Taj ya nemo masa wuraren da layuka suka fi cunkushewa. Baba ya zauna, ya gyara tabarau, ya ce bismillah. Hannunsa ya tafi aljihu wajen rula, sai ya ga farin zaren nan a allo, ya sauke hannun. Daga nan ban san yadda zan kwatanta muku ba. Yatsunsa suka riƙa tafiya kamar na tela a kan keken da ya saba da shi. Kafin shayin Mudir ya huce ya gama biyar ɗin, ni kuma na duba su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, babu ko ɗigo.

Bai tashi ba. Ya gangara ƙasa kaɗan ya nuna wani layi ya ce, "Sayyid Mudir, wannan kuma ba ka tambaya ba, amma a yi masa magani kafin rabon iri. An gyara shi watan jiya, wutsiyarsa ta shiga gefe, na'ura ba ta karanta ƙarshensa." Muka leƙa. Ga haruffa biyu na umarni sun tsallaka cikin rawaya, tsirara. Wadda ta yi gyaran nan ni ce, lokacin da gefen yake ɓoye. Taj ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ɗakin duka ya ɗauka, ni ma na yi, da hawaye a idona.

Mudir ya ninke ambulan ɗin biyu ya sa a aljihu. Ya ce kowa ya koma bakin aikinsa, ni kuma in biyo shi ofis. A can ya miƙo mini takardar jan kunne saboda canza tsarin aiki ba tare da tuntuɓar babban mai tsara manhaja ba. Na sa hannu da farin ciki. Tana cikin fayil ɗina har yau, kuma duk takardun yabon da ke ciki babu wadda nake so kamarta. Na kai bakin ƙofa sai ya kira ni.

Ya ce, "Ya Bashmuhandisa." Ranar ya fara kirana da wannan laƙabi na injiniya. "Shekara takwas ina cin tumatirin Amm Idris. Jiya da kika fita na zauna na yi tunani." Ya ɗaga hannu kafin in buɗe baki. "Ban tambaye ki komai ba, ke ma ba ki gaya mini komai ba. Amma daga yau a ba shi sayen burodi."

Haka aka yi. Baba Idrisu ya ƙara shekara huɗu, ya koya mini na'urar nan lungu-lungu, ya tafi a ranar da doka ta ce ya tafi, da ƙafarsa. A fatur ɗin ban kwana shi da kansa ya tona asirin, ya ɗaga tumatir ɗaya ya ce Taj ya gaya masa tsakani da Allah wace kala ce, aka yi ta dariya. Shi ya sa nake da bakin ba ku labarin yau. Allah ya jiƙansa, ya rasu shekarun baya.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya ishe ni aiki. Kayan aiki ba don allo ake yinsa ba, don idon wanda zai zauna gabansa ake yi, kuma idanu ba ɗaya ba ne. Kafin ku ɓoye wani abu a tsohuwar manhaja don ya yi muku kama da tarkace, ku nemi wanda ya fi kowa daɗewa ku tambaye shi me yake yi da shi. In ya ce muku babu komai, Allah ya yi muku albarka, kada ku yarda da wuri. Mutanen aikin nan sun iya shiru, wani zai gwammace a kore shi da ya ce ba ya gani.

Saura abu ɗaya. Ranar Asabar da ta biyo bayan gwajin, na zo da sassafe na buɗe manhajar don in gyara layin nan nawa mai wutsiya. Na tarar an riga ni. An kashe tsohon da tauraro, an rubuta sabon a ƙarƙashinsa, yadda aka saba. Na kai ido gefe don in ga sunan Baba, sai na ga ba nasa ba ne. Haruffa biyar ne, HAWWA, a wurin da shekara talatin ba a taɓa rubuta sunan kowa ba sai nasa. Na juya, yana can teburinsa yana goge rularsa da gefen riga, ya ƙi ɗago kai.

Yana nan har yau. Duk wanda ya buɗe sashen rabon iri a cikinku zai gan shi a gefen dama, da rawaya, launin da Baba yake gani.